Lambobin da Shafin Intanet Ke Amsawa da Su

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka yi wa masu kafe da ɗaliban kwamfuta a Katsina.

To jama'a, ga maganar da nake so ta zauna muku kafin mu shiga kan lambobin. In shafi ya nuna maka 404 ko 503, kada ka ce wa kwastoma babu sabis. Sabis ɗin ne ya kai saƙonka har ya dawo maka da amsa. Da babu shi, burauza ce za ta ce ba ta samu hanya ba, kuma ba za ka ga lamba ba.

Lambobin nan suna cikin HTTP, ƙa'idar da burauza da shafi ke magana da ita, wadda Tim Berners-Lee ya faro a cibiyar binciken kimiyya ta CERN, aka sake tsara bayaninta a shekarar 2022 cikin takardar RFC 9110. Kowace lamba alƙaluma uku ce, na farko za ka duba. Mai 2 an dace, kamar 200. Mai 3 an tura ka wani adireshi. Mai 4 matsalar tana wajen mai tambaya, mai 5 kuwa tana wajen saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin.

A cikin masu 4, kowa ya san 404: abin da ka nema ba ya wurin, sau da yawa harafi guda ne ya faɗi a adireshin. 401 na nufin ba a san ka ba, shiga da sunanka. 403 kuwa an hana ka ne, ko da an san ka. 429 kai ne ka cika danne-danne, aka ce ka dakata.

Inda nake so mu daɗe shi ne 502 da 504, don su suka fi rikita mutane. Yawancin manyan shafuka suna da saba a gaba, irin su Nginx, ita ke karɓar saƙo ta miƙa wa manhajar da ke ciki. Kamar ka tsaya a zaure ka aiki yaro ya yi maka sallama da maigida. In yaron ya dawo da maganar da ba kai ba gindi, 502 ke nan. In ya shiga aka yi ta jira har aka gaji, 504 ke nan.

Malam, kai da ke can baya, na ga ka ɗaga hannu kan biyan kuɗin makaranta, kuma nan ne haɗarin yake. 504 ba ta ce aikin bai yiwu ba. Jira kawai ya ƙare, wataƙila a ciki an riga an cire kuɗin. Duba alat ɗin kwastoma da tarihin biyansa kafin ka sake dannawa, in ba haka ba ka sa shi biya sau biyu, kuma kai zai riƙe.

503 cunkoso ne ko gyara, irin na ranar da sakamako ya fito. Haƙuri kawai.

Ku masu gina shafuka, 500 taku ce, wani abu ne ya karye a cikin saba. Kada ku yi ta canke. Ku buɗe kundin kurakurai na saba, ku nemi layin da lokacinsa ya yi daidai da faruwar abin. Galibi zai faɗi sunan fayil da layin da ya karye. A burauza kuma ku danna F12, ku shiga sashen Network, ku sake loda shafin, kowace buƙata za ta fito da lambarta a gefe. Yanzu kowa ya buɗe kwamfutarsa mu gwada tare.