Daga juji zuwa bakin ruwa: na bi sawun Gatsby

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, filin jirgin saman LaGuardia na kusa, ba a jimawa sai wani jirgin ya bi ta kanmu. Yau ina hutun aiki, kuma ba kasuwa za mu je ba. Wani littafi za mu bi da ƙafa.

Nan da nake tsaye ana ce masa Flushing Meadows, a yankin Queens na birnin Niyok. Ga ciyawa shar, ga yara na buga ƙwallo, can kuma ga ƙatuwar duniyar ƙarfe da aka kafa don baje kolin 1964. To shekara ɗari da suka wuce duk wannan wurin juji ne. Tokar kwal ɗin da mutanen Brooklyn ke ƙonawa don ɗumama gidajensu, da sharar gari, nan ake kawowa a jibge har ta yi tsauni. Sai da baje kolin duniya na 1939 ya ƙarato aka share shi. Wannan jujin ne F. Scott Fitzgerald ya sa a littafinsa The Great Gatsby, wanda ya fito a 1925, ya kira shi kwarin toka.

Malamarmu ta ajin dare ce ta ɗora mana shi. Karatun farko na ɗauka littafin soyayya ne irin wanda ƙannena ke ɓoyewa a ƙarƙashin filo: talaka ya so 'yar masu kuɗi, aka hana shi, ya je ya nemo kuɗi ya dawo. Sai a karatu na biyu na gane ashe ni ne ban ji da kyau ba.

Mai ba da labarin sunansa Nick Carraway. Ya baro garinsu a tsakiyar Amurka a bazarar 1922, ya zo koyon harkar kasuwar kuɗi, ya kama ɗan gida dala 80 a wata a Long Island. Maƙwabcinsa shi ne Jay Gatsby, mai katafaren gida, wanda kowane ƙarshen mako sai an kwana ana casu a gidansa, mutane na tururuwa ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba. A tsallaken ruwa kuma akwai Daisy, 'yar uwar Nick, da mijinta Tom Buchanan. Duk mai son shiga birni daga can, a mota ko a jirgin ƙasa, dole ya ratsa ta wannan jujin.

A gefen jujin akwai garejin wani bawan Allah, George Wilson, wanda toka ta rufe shi har gashin kai. Matarsa Myrtle kuwa dadiron Tom ce. Tom zai tsaya ya yi wa mijin romon baka cewa zai sayar masa da mota, ya juya ya raɗa wa matar inda za su haɗu. Rannan don kawai ta nace da kiran sunan Daisy, ya kwaɗa mata mari ya karya mata hanci. Kusa da garejin nan akwai wani tsohon allon talla na likitan ido, Dakta Eckleburg: manyan idanu shuɗaye cikin tabarau ruwan ɗorawa, ba fuska, fenti ya koɗe. Bayan matarsa ta mutu, George ya tsaya yana kallon allon nan yana cewa Allah na ganin komai. Maƙwabcinsa ya ce masa ai talla ce. Wallahi wurin nan ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Maƙwabcin ya tambaye shi ko yana da cocin da yake zuwa a kira masa wani, ya ce ba shi da ko ɗaya. Mutum ya shiga uku, ya ɗaga kai yana neman wanda zai kai wa kuka, abin da ya samu allon mai sayar da tabarau ne.

To mu hau jirgi.

Wannan layin dogon yana tashi daga tashar Penn ya ƙare a Port Washington. Ga mu a Great Neck. Nan Fitzgerald ya zauna da matarsa Zelda daga 1922 zuwa 1924, a nan ya fara rubutun, ya je Faransa ya ƙarasa. Great Neck ce ya mayar Ƙwan Yamma a littafin, unguwar sababbin kuɗi, inda Gatsby yake. Tsallaken ruwa, wajen Sands Point, ita ce Ƙwan Gabas, unguwar 'yan gado. Duka biyun masu kuɗi ne, amma na gabas kallon na yamma suke yi kamar yadda ɗan gidan sarauta ke kallon wanda ya yi kuɗi shekaranjiya. Tom iyayensa attajiran Chicago ne, ya yi makarantar Yale, da dawakinsa na folo ya zo gabas, kuma sarƙar lu'ulu'un da ya ba Daisy kafin ɗaurin aure ta kai dala 350,000. Bai taɓa yin gumi a kan kwabo ba.

Gatsby kuwa sunansa na yanka James Gatz, ɗan wasu talakawan manoma a North Dakota. Yana ɗan shekara 17 ya sauya suna, ya bi wani attajiri, Dan Cody, a jirgin ruwansa. Ya haɗu da Daisy a Louisville a 1917 yana hafsan soja, kakin ya rufa masa asiri, ba ta san aljihunsa wayam ba ne. Ya tafi yaƙi, ta gaji da jira ta auri Tom. Kuɗin da ya tara bayan nan ba halal ba ne. Daga 1920 zuwa 1933 doka ta hana sayar da giya a Amurka, shi kuma ta bayan kantar shagunan magani yake fitar da ita, tare da wani ɗan caca, Meyer Wolfsheim. Kada wani ya ce na wanke shi. Maƙaryaci ne, ɗan fasa-ƙwauri ne, kuma matar aure yake bi.

Amma dubi yadda ya yi wa ƙaryar tasa hidima. Wani baƙo mai tabarau kamar idon mujiya ya shiga ɗakin karatunsa yana tsammanin littattafan na kwali ne, sai ya tarar na gaske ne. A zamanin, wasu littattafan na zuwa da shafuka a haɗe, sai ka sa wuƙa ka raba kafin ka karanta. Na Gatsby ba wanda aka raba. Ya saya, ya jera, bai buɗe ba. Ranar da Daisy ta fara zuwa gidan, ya dinga zaro riguna daga kabad yana watsowa, na siliki, na lilin, kala-kala, har ta kifa kai a kansu ta fashe da kuka wai ba ta taɓa ganin riguna masu kyau haka ba. A ajinmu sai da aka yi rabin awa ana gardamar kukan me take yi. Ni dai ina ganin ita ma ba ta sani ba. Shi kansa Gatsby daga baya ya faɗa wa Nick cewa muryarta cike take da kuɗi, ka ga ashe ya san abin da yake so a tare da ita, ya ci gaba da so.

Bakin ruwan Great Neck yawanci na masu gidaje ne, ba a shiga, don haka na ƙarasa Port Washington. Ga ni a gadar jiragen ruwa ta gari, wadda kowa ke iya takawa. Abin dariya, yau ni ne a ɓangaren Daisy, ina hango ɓangaren Gatsby. Wannan ruwan sunansa Manhasset Bay. Ku duba, ba wani nisa. Gatsby ya sayi gidansa ne takanas don ya fuskanci nata, kuma da dare yana fitowa ya miƙa hannu wajen wata koriyar fitila da ke ƙarshen gadar gidan Daisy. Duk wanda ya karanta littafin fitilar nan yake fara kawowa, malamai ma ita suka fi tambaya a jarrabawa. Abin da na riƙe a kanta ɗaya ne: ranar da Daisy ta tsaya kusa da shi, hannunta cikin nasa, Nick ya lura fitilar ta koma fitila kawai. Shekara biyar yana gina mace a zuciyarsa, da ta gasken ta zo ba ta cika gurbin ba. Duk wanda ya taɓa shekara yana jiran biza ya san wannan safiyar, wadda ka farka a ƙasar da ka yi ta roƙo, ka ga sanyi ne da kuɗin haya.

Shi bai tsaya nan ba. So yake Daisy ta dubi mijinta ta ce ba ta taɓa son sa ba, a goge shekara biyar kamar ba a yi ba. Nick ya ce masa ba a maimaita abin da ya wuce, ya ce sosai ma ana yi. A wani ɗaki a otal ɗin Plaza, ranar da ake zafi kamar a mutu, ta kasa faɗa. Tom ya tona asirin giyar, ta ja baya. A hanyar komawa, ita ke tuƙa motar Gatsby ruwan ɗorawa, daidai garejin nan Myrtle ta fito a guje, ta buge ta, ba ta tsaya ba. Gatsby ya ce zai ɗauki laifin. Daren nan ya tsaya cikin duhu a wajen gidanta yana gadi kada Tom ya taɓa ta. Nick ya leƙa ta tagar kicin ya gan su zaune, miji da mata, ga farantin kaza a tsakaninsu, suna ƙus-ƙus. Washegari Tom ya faɗa wa George cewa motar ta Gatsby ce. George ya je ya harbe Gatsby a wurin ninƙayarsa, ya harbe kansa. Su Daisy suka haɗa kaya suka bar gari, ko adireshi ba su bari ba.

Jana'izar ce ta karya mini zuciya. Mu da ko baƙo ne ya rasu a unguwa sai an tsaya an yi masa sahu, karanta wurin nan da wuya. Ɗaruruwan da suka ci suka sha a gidan, kusan ba wanda ya leƙo. Wolfsheim ya ce ba ya shiga sabgar wanda aka kashe. Wani da ya yi watanni yana kwana a gidan kyauta ya bugo waya, Nick ya ɗauka zancen jana'iza ne, ashe takalmansa na wasan tanis da ya manta yake so a aika masa. Aka binne shi cikin ruwan sama, daga Nick, sai fasto, sai 'yan barori, sai mai raba wasiƙu, sai mai idon mujiyar nan. Daisy ko fure ba ta aiko ba.

Sai mahaifinsa. Tsoho ya gani a jaridar Chicago, ya taso daga Minnesota. Ya nuna wa Nick wani tsohon littafi da yaron ya rubuta tsarin ranarsa a bangon baya, 12 ga Satumba 1906: tashi ƙarfe shida, motsa jiki, nazarin lantarki, koyon iya magana. A ƙasa ya rubuta zai riƙa adana dala biyar a mako, ya soke ya mayar uku. Layin ƙarshe, zai kyautata wa iyayensa. Kafin nan ma tsohon ya zaro hoton gidan daga walat, duk gefensa ya tsage saboda yawan hannun da ya taɓa shi. Yana tsaye a cikin gidan, amma hoton yake nunawa. Nick ya ce ya nuna wa mutane shi har ya fi gidan zama gaskiya a wurinsa.

A nan na rufe littafin na yi shiru. Shekarata ta farko a ƙasar nan, ina kwana a ɗaki ɗaya da mutum uku a Bronx, na jingina da motar wani a bakin titi aka ɗauke ni hoto, na tura gida. Ban ce tawa ce ba, ban kuma ce ba tawa ba ce. Ƙanwata ta ce mini har yau duk baƙon da ya shigo zaure sai Baba ya sa an buɗe masa wayar ya nuna. Sau biyu ina buɗe baki zan faɗa masa, sai in ji yadda yake cewa "ɗana na Amurka", in haɗiye.

Shi ma marubucin bai ga ranar littafinsa ba. Ya rasu a Disambar 1940 yana da shekara 44, a lokacin kwafe na jibge a sito ba mai saye. Sai a yaƙin duniya na biyu aka raba wa sojojin Amurka kusan kwafi 155,000, daga nan ya farfaɗo har ya shiga manhajar makarantu. Tun 2021 haƙƙin mallakarsa ya ƙare, don haka kyauta za ku same shi a intanet, babi tara ne kacal.

Rana ta faɗi, an fara kunna fitilu a tsallake. Na duba ban ga koriya ba, farare ne da ruwan ɗorawa. Bari in nemi lungun da zan yi magariba kafin jirgi ya tashi ya bar ni. Yau Asabar, ranar kiran Baba ce, kuma na san zai tambayi lafiyar mota.