Daga Malaga zuwa Alhamra: yini guda a bas, jirgi na jira a tasha

Wannan lacca ce da aka gabatar wa wasu masu sha'awar harkar tafiye-tafiye. An kwafo ta daga faifan murya, aka yi mata ɗan gyaran da rubutu ke buƙata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da war haka. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Shugaban taro ya ce in yi magana a kan jirgin ruwan yawon buɗe ido, irin manya-manyan nan da suka fi wani otal ɗin girma. To ni ba zan tsaya a kan cikin jirgin ba, don wannan kowa ya gani a waya. Zan yi magana ne a kan 'yan sa'o'in da jirgi ke tsayawa a wata tasha, a sauko, a hau bas, a je a ga gari, a dawo. A nan ake cin riba, a nan kuma ake tafka asara. Misalin da zan ɗauka shi ne tashar Malaga da ke kudancin Sifaniya, a gaɓar Bahar Rum, don sau biyu na sauka a can, kuma saukar farko ta koya mini hankali.

Mu fara da abin da muka saba. A tashar motarmu, direba ba ya tashi sai mota ta cika, in ma ka je sayen ruwa ɗan kamasho zai ƙwala maka kira. Jirgin ruwa ba haka yake ba. Yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi, akwai ma'aikacin tashar da zai hau ya fitar da shi zuwa teku, akwai wata tashar da ke jiransa gobe da safe. In an ce za a tashi ƙarfe 6 na yamma, yawanci za a ce kowa ya kasance a ciki ƙarfe 5:30. Ƙarfe 6 na yi a kwance igiyoyi. Kana ciki, ba ka ciki, tafiya za a yi. Wanda aka bari, shi zai nemi jirgin sama ko na ƙasa da kuɗin aljihunsa ya tari jirgin a gaba.

Saboda haka kafin ka tambayi kuɗin bas, fara yin lissafin sa'o'i. A tafiyarmu jirgi ya tsaya ƙarfe 8 na safe. Daga 8 zuwa 5:30, sa'a tara da rabi ke nan. Abin da ya kai yawancin mutane Malaga kuwa ba Malagar ba ce, Granada ce, wadda muka sani a littattafan Larabci da Garnaɗa, inda fadar Alhamra take. Tsakanin garuruwan biyu akwai kusan kilomita 130. A babbar bas, da fita daga tasha da tsayawar bayan gida a hanya, ka ƙaddara sa'a biyu zuwa, sa'a biyu dawowa. An cinye huɗu. Saukowa daga jirgi da neman bas ɗinka a cikin jerin bas-bas, rabin sa'a. Cin abinci, sa'a guda. Ga tazarar da kowane direba mai hankali ke bari saboda cunkoso. Abin da ya rage maka a Alhamra bai wuce sa'a uku ba. Kun ga ke nan zaman da za ka yi a kan kujerar bas ya fi wanda za ka yi a wurin da ka je gani.

Wannan ba ya nufin kada a je. Hanyar kanta abin kallo ce. Da ka bar Malaga sai bas ta kama hawan duwatsu, ta gangara, sai gonakin zaitun a jere kamar an ja su da igiya, iyakar ganinka. Ka wuce ta gefen garin Loja, can gaba ka hango duwatsun Sierra Nevada, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 3,400, da ƙanƙara fara fat a kansu in lokacin sanyi ne ko farkon bazararsu. Amma dai mutum ya san abin da ya saya.

Yanzu ga inda na yi wauta. Hanya biyu ce ta samun wannan bas. Ko ka saya a hannun kamfanin jirgin, ko ka nemi wani kamfani na waje ta intanet. Na jirgi ya fi tsada nesa ba kusa ba. A tafiyata ta farko na duba farashin nan na ce ai wannan yankan ƙauna ne, na shiga intanet na sami wani kamfani, ba zan ambaci sunansa ba, kusan rabin kuɗi. Har ina yi wa uwargida burga. Muka je Granada lafiya lau, muka shiga lambuna, muka hau hasumiyar sojoji muka kalli gari. Da muka doshi ƙofar ainihin fadojin sarakunan, sai mai gadi ya ɗora na'ura a kan takardarmu, ya girgiza kai. Ashe tikitin Alhamra iri-iri ne. Akwai na lambuna da ganuwa kawai, akwai cikakke mai haɗe da fadoji. Namu na lambu ne. Kuma an rubuta a takardar, ni ne ban karanta ƙananan rubutun ba. Hajiya ba ta ce mini uffan ba, kallo ɗaya ta yi mini, kuma wallahi gara a ce magana ta yi. (Dariya.) Araha dai ba ta ado.

To ku riƙe wannan. Shiga fadojin Banu Nasar, wato gidan sarautar da ya gina Alhamra, da lokaci ne, an buga shi a jikin tikiti, kuma in lokacinka ya wuce ya wuce. Tikitin da sunanka ake yankarsa, za a iya neman fasfo ɗinka na ainihi a ƙofa. Mutane da yawa sun saba kulle fasfo a akwatin ajiya na ɗakinsu a jirgi, su fito da katin jirgi kaɗai. Ranar Alhamra, fito da fasfonka. Kuma tikitin kan ƙare tun makonni kafin ranar, musamman lokacin zafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ƙarin kuɗin bas ɗin jirgi ke saya maka? Ba kujera mai laushi ba ce, don sau da yawa bas ɗin iri ɗaya ce, ɗan jagoran ma ɗan garin ne. Abin da ka saya alkawari ne. In bas ɗin jirgi ta makara, ko taya ta fashe, ko hatsari ya tare hanya, jirgi zai jira ta, in kuwa jiran ya gagara, kamfani ne zai ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. In ta waje ce, jirgi bai san da zamanta ba. Ni hukuncina a nan a fili yake: duk wurin da ya kai tafiyar sa'a biyu daga tasha, ka biya na jirgi ka huta. Wurin da ke cikin gari kuwa, biyan wannan kuɗin ɓarna ce.

A tafiya ta biyu na bi ta jirgi. Bari in ba ku yadda safiyar take. Aka tara mu a wani babban zaure, aka manna wa kowa 'yar takarda mai lamba a ƙirji, kamar ragunan layya. Aka kira lambarmu muka sauka a jere. A bakin bas ga wata mata riƙe da sanda mai allo ɗauke da lambar, ta raba mana 'yan na'urori na ratayawa a wuya da abin saƙalawa a kunne, yadda ko ta yi nisa kana jin muryarta. Kafin mota ta motsa ta bi kujeru tana ƙirga kawuna da yatsa, ta ƙirga sau biyu. Wanda ya taɓa hawa motar ziyara a Madina, a kai shi Ƙuba da Uhudu da Ƙiblataini a ce minti kaza a dawo, ya san irin wannan. Bambancin kawai, a Madina in mota ta bar ka, tasi za ka tara ka koma masauki. A nan masaukin naka ne ke shirin shiga teku.

Sai Alhamra ɗin kanta. Sunan daga Larabci ne, ma'anarsa ja, saboda launin ganuwarta. Muhammadu ɗan Ahmar, wanda ya kafa daular Banu Nasar, shi ya fara gina ta a 1238, zuriyarsa suka yi ta ƙari, har ranar 2 ga Janairu 1492 da sarkinsu na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa makullan garin ga Ferdinand da Isabella, sarki da sarauniyar Kiristocin Sifaniya. Shekara 254 ke nan. Daga nan mulkin Musulmi ya ƙare a Andalus.

Akwai wani abu da mu muke da shi wanda yawancin abokan tafiyarmu ba su da shi. Su ado suke gani a bango, mu rubutu muke karantawa. Duk wanda ya yi makarantar allo, da ya ɗaga kai zai gane: wa la galiba illallah, babu mai rinjaye sai Allah. Taken gidan sarautar ke nan, an sassaƙa shi a farar ƙasa, an maimaita shi ɗaki bayan ɗaki har ba ya ƙirguwa. Na tsaya ina bin layin da ido, sai wani dattijo Bature da ke gefena ya ga leɓena na motsi, ya ce wai karantawa nake? Na ce ƙwarai. Na fassara masa. Ya yi shiru, ya sake kallon bangon kamar yanzu ya fara ganinsa. Muna cikin haka sai muryar 'yar jagora a kunnena, a taho, a taho, wata ƙungiya na bayanmu.

Haka ziyarar take gaba ɗaya. Farfajiyar Zakuna, wadda aka gina a zamanin Muhammadu na biyar, da zakunan marmara 12 ɗauke da tasar ruwa, da siraran ginshiƙai 124 kewaye da ita, wuri ne da ya kamata mutum ya zauna ya yini. Mu 'yan mintuna aka ba mu. Ruwan da ke gudana a tsakiyar ɗakunan nan, tun zamanin sarakunan aka jawo shi daga kogin Darro ta magudana mai tsawon kusan kilomita 6, babu inji babu famfo, gangare kawai da lissafi. Shawarata ita ce ka ajiye waya a aljihu a ɗaki ɗaya ko biyu. Hoton wurin ya cika intanet, kuma na can ya fi naka kyau.

Kafin in wuce, garin nan yana da zare da ya ɗauro shi da yankinmu. Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙi ne ɗan Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya biyo shi Mali, ya rasu a Tambutu a 1346, kuma shi mutane da yawa ke jingina wa ginin masallacin Jingarebar da ke Tambutun. 'Yar jagorarmu ba ta ambace shi ba. Ni na ba ta labari a hanyar dawowa.

Sallah da abinci, a taƙaice. Akwai babban masallaci a Granada, an buɗe shi a 2003, a unguwar Albaisin, a kan tudun da ke fuskantar Alhamra. Da ido kusa yake, da ƙafa kuwa gangara ce da hawa ta cikin lunguna, kuma bas ɗin jirgi ba lalle ta bi ta can ba. Kada ka sulale ka tafi ba ka gaya wa jagora ba. Fito da alwalarka da 'yar darduma a jaka, ka tambayi malaminka hukuncin sallar matafiyi tun a gida. Abinci kuwa, ƙasar nan ta naman alade ce, har cikin miya da romo yakan shiga. Kalmar da za ka haddace ita ce cerdo, ana furta ta kamar serdo, wato alade. Kifi da zaitun da burodi sun ishe ka yini.

Wanda kuma bai son wannan doguwar tafiya, ko yana da tsoho ko ƙananan yara, bai yi asara ba. Cikin Malaga akwai jar bas mai hawa biyu, samanta a buɗe, wadda kake yankar tikiti ɗaya ka hau inda ka so ka sauka inda ka so. Ga Alƙasaba, ganuwar Musulmi ta ƙarni na 11, ga filin wasan Rumawa a gindinta, ga gidan da aka haifi mai zanen nan Picasso a 1881. Sai dai ita wannan bas zagaye take yi ta hanya ɗaya, ba ta juyowa. In lokaci ya ƙure kana can ƙarshen zagaye, sauka ka tari tasi.

Na ga Alhaji ya ɗaga hannu. Bismillah, ranka ya daɗe.

Yana tambaya ne a kan biza da kuma agogo. To, Sifaniya tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza. In jirginku zai leƙa Tanja a Maroko ya dawo Turai, to ka tabbata bizarka mai shiga fiye da sau ɗaya ce, kuma ka binciki ƙa'idar shiga Marokon daban. Maganar agogo kuwa, na gode da ka tuna mini. Lokacin zafi Sifaniya tana gaban Najeriya da sa'a ɗaya, lokacin sanyi muna daidai. Waya takan canza lokaci da kanta in ta kama layin wata ƙasa, shi kuwa jirgi da nasa agogon yake aiki. Kafin ka sauka, daidaita agogon hannunka da na jirgi. Kuma a takardar shirin yini da ake ajiye maka a ɗaki akwai lambar wakilin jirgin a wannan tasha. Ɗauki hotonta, shi za ka kira in ka maƙale.

Mu dai ranar mun iso tasha ƙarfe 5 da 'yan mintuna, ƙafafu sun yi tsami. Na hau can saman jirgi da kofin shayi. Mutane sun jeru a jikin ƙarfe suna kallon ƙasa, na ce me ake kallo? Ashe masu makara ake jira. Can sai ga tasi ta ci burki, mata da miji suka fito da ledoji niƙi-niƙi suna gudu a kan dogon dandamalin nan, ma'aikata sun riga sun kama tsanin shiga za su janye. Jama'a suka ɗauki tafi da fito. Takalmin matar ɗaya ya cire, ta waiwaya ta dube shi, ta bar shi a nan.

Shugaba yana nuna mini agogo, kuma na ji an kira sallah. Sauran tambayoyin sai bayan mun idar. Wassalamu alaikum.