Zumata na shirin tashi, yau sai raba gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ina fata kowa lafiya. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, nan Yokshaya ne a arewacin Ingila, iska ba ta hutu. Ƙarshen watan Afrilu muke, rana ta ɗan leƙo, zafi ya kai digiri 16, to irin wannan ranar ce ake buɗe akwatin zuma, in ya gaza 14 ko 15 ni ba na buɗewa don sanyi na iya taɓa 'ya'yan da ke ciki.

Bari in juya kyamara ku ga wani abu tukuna. Kun ga gonar can da ta yi rawaya fau har ƙarshen gani? Rapsid ke nan, irin da suke matse man girki daga ƙwayarsa. Shi ne arzikinmu kuma shi ne ciwon kanmu. Da ya fara fure sai abinci ya yi wa zuma yawa lokaci guda, gidan da ya fito daga hunturu da ƙudaje wajen dubu 10 sai ka ga yana hawa yana neman dubu 40 zuwa 50, don sarauniya in ta samu yadda take so tana iya zuba ƙwai 1,500 zuwa 2,000 a rana ɗaya, kuma kowane ƙwai kwana 21 ya zama ma'aikaciya. Ku yi lissafin da kanku.

Wani ɗan uwa daga Zariya ya tambaye ni wai me ya sa nake ta kukan zuma za ta gudu, ko yunwa nake barinta da ita? Malam ai ba yunwa ba ce, ƙoshi ne. Gidan da ya fi ƙarfi shi ke tashi. Kuma ba gudu ba ne irin wanda zumar can ƙasarmu ke yi in an dame ta ko fari ya matsa ta kwashe kaf ta bar maka amya wayam. Wannan haihuwa ce, gida ɗaya ya rabe biyu, tsohuwar sarauniya ta ɗebi wajen rabin jama'a ta fita, ta bar wa sauran 'ya'yan sarauta da za su gaje ta. A can ƙasarmu, mai amya wannan yake jira ma, ya turara amyarsa ya ɗaura a kan ɗorawa ko kuka, gungu ya zo ya shiga, Alhamdulillahi ya samu zuma kyauta. Nan kuwa in gungunka ya tashi, zumar shekara ta tafi, kuma ƙila ya je ya shige bututun hayaƙin gidan maƙwabci, ka shiga uku da bayani.

To bismillah, ɗan hayaƙi kaɗan a bakin ƙofa. Kaɗan fa, ba irin wutar da ake kai musu da dare a gida ba. Wannan akwatin na sama shi ne na zuma, kai nauyi wallahi, sun kusa cika shi. A ƙarƙashinsa akwai wannan ragar, ma'aikata na wucewa amma sarauniya ba ta iya ratsawa saboda girmanta, shi ya sa ba ta hawa ta yi ƙwai cikin zumar da za mu sha. Na ƙasa shi ne ɗakin haihuwa, firam 11 yake ɗauka, wato katakan da suke gina saƙa a cikinsu. Ku duba yadda suka cika shi maƙil, ko katakon ba ka gani.

Bari in matso da wannan firam ɗin kusa. Wannan mai ruwan ƙasa da aka lulluɓe sumul, 'ya'yan ma'aikata ne. Waɗannan masu tudu-tudu a gefe maza ne, su kwana 24 suke yi, kuma da ka ga maza sun yawaita to gida ya fara tunanin aure. Yauwa, ga abin da nake nema. Ku kalli ƙasan firam ɗin nan, kun ga abin nan da ya rataya yana kallon ƙasa kamar gyaɗa da ɓawonta? Ɗakin sarauniya ke nan, inda suke renon sabuwa. In ƙoƙo ne kawai babu komai ciki ba damuwa, suna yin irinsa ko yaushe. Amma wannan leƙa ku gani, ga tsutsa kwance cikin farin abinci mai kauri. Ga wani, ga wani kuma can a lungu. Magana ta ƙare, sun riga sun yanke shawara.

Lissafin da duk mai zuma ya haddace shi ne, sarauniya kwana 16 ne kacal daga ƙwai zuwa fitowa, kuma wajen kwana na 8 ko 9 ake rufe ɗakinta. Ranar da aka rufe na farko, in gari ya yi kyau, tsohuwa ta kama hanya. Shi ya sa daga Afrilu har Yuli duk kwana 7 sai an buɗe an duba, ko biki kake da shi ko aiki. In ka ce sai bayan kwana 10, ka zo ka tarar an yi ba kai.

Wasu sabbin shiga da sun ga ɗakunan nan sai su bi su murƙushe duka su rufe akwati su tafi gida da murna. Ni dai a ganina ɓata lokaci ne. Ka sayi sati ɗaya ne kawai, za su sake ginawa, kuma ɗaya tak in ya ɓuya maka a lungu ya isa. Ƙarin akwati a sama yana taimako amma tun kafin su fara, lokacin da 'ya'ya suka kama firam 6 ko 7, don cunkoso ne ke hana ƙamshin sarauniya zagaya gida, da ƙamshin ya ragu sai su fara renon wata. Bayan sun fara kuwa ko bene goma ka ɗora musu sai sun tafi.

Abin da zan yi yanzu nan suna ce masa hanyar Pagden, wani dattijo Bature a ƙungiyarmu ya koya min da hannunsa. Dabarar ita ce ka sa su ɗauka sun riga sun tashi. Farko sai na nemo sarauniya, kuma nan ne aikin yake don in suna shirin tafiya rage mata abinci suke ta rame don ta iya tashi sama, sai ta zama mai saurin tsiya. Ku taya ni dubawa... a'a wannan namiji ne... yauwa ga ta nan, mai shuɗin ɗigo a baya. Ɗigon alama ce da muke sa wa sarauniya don mu san shekararta, shuɗi na shekarar da ta ƙare da 5 ko 0 ne, wannan ta 2025 ce. Ku ga tsawon cikinta, ku ga yadda sauran ke buɗa mata hanya.

To tsohon akwatin na ɗauke shi na ajiye can gefe kamar taku biyu. A gurbinsa na sa sabo fanko, na saka firam ɗin da sarauniya ke kai a tsakiya, bayan na tabbatar babu ɗakin sarauta ko ɗaya a jikinsa, sauran na cike da firam masu sabon kaki, raga a kai, akwatin zuma a sama. Duk manyan da ke fita kiwo wurin da suka sani za su dawo, wato wajen tsohuwa. Ku kalli bakin ƙofar yanzu ma sun fara sauka da garin fure rawaya a ƙafafunsu. Za su shiga su ga ga sarauniya, ga fili, babu 'ya'yan reno, sai su kama gini. Shi kuma tsohon akwatin ya rage da yara da 'ya'ya, ba shi da mayaƙan da za su tashi. A ciki zan bar ɗaki ɗaya mai kyau wanda na ga tsutsa a ciki da idona, in sa alama a kan firam ɗin, sauran in cire. Sati mai zuwa dole in dawo in sake cire duk wanda suka ƙara, in ba haka ba budurwar da ta fara fitowa ita ma sai ta ɗebi nata ta tafi, ta biyu ma haka, gida ya tsiyace.

Abin da ke ban tsoro da raba gida da wuri irin na Afrilu shi ne auren sabuwar sarauniya. A sama take haɗuwa da maza, fiye da 10, kuma sai rana mai ɗumi wajen digiri 20. Ingila kuwa kun san halinta, sai a yi sati biyu ana yayyafi. Saboda haka bayan cirewar nan ta biyu ba na sake taɓa akwatin sai an yi kamar sati uku, sannan in leƙa ko akwai ƙwai.

'Yan uwa mazauna nan Birtaniya, watan Mayu da Yuni in kun ga zuma ta dunƙule a reshe ko jikin shinge, don Allah kar a fesa mata magani. Cikinta cike yake da zuma, ba ta da gidan da za ta kare, ba ta cika faɗa ba, hutawa take yi kafin 'yan leƙen asirinta su samo wuri. A ja yara gefe, a shiga shafin BBKA, ƙungiyar masu kiwon zuma ta Birtaniya, a sa lambar unguwa, za a ga masu zuwa kwashewa na kusa. Ni ma akwai kwali da farin zane a but ɗin motata har ƙarshen Yuli.

Hadari na haɗowa ta yamma kuma ga akwati na biyu ban buɗe ba, shi ma da ganin yadda suka yi dafifi a bakin ƙofa akwai labari. Zumar rapsid ɗin nan kuma daskarewa take cikin saƙa in an bar ta, da furen ya zube dole a tace ta nan da nan, wannan zan nuna muku a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Bari in ƙara wa abin hayaƙin nan ciyawa ya kusa mutuwa, sai an jima.