Yasar Kwata Kafin Saukar Damina a Unguwannin Katsina

Assalamu alaikum. Ku ɗauka muna tsaye ne a wani lungu cikin tsohon birnin Katsina a watan Mayu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, sararin sama kuwa babu ko gizagizai. Ku dubi kwatar da ta bi gefen katanga. Yashi ya cika ta har baki, ga ledojin ruwa, ga ƙwallon mangwaro da toka, har ma da guntun buhun da iska ta kwaso ta cusa a bakin kwalbati. A yanzu ba ta damun kowa, domin ɗan ruwan wanke-wanken da ke fitowa daga gidaje yana ƙafewa tun bai yi nisa ba. Nan da makonni kaɗan, wannan kwatar ce za ta nuna ko ruwa zai wuce abinsa ko zai shiga ɗakunan mutane.

Ruwan saman da Katsina ke samu a shekara ba shi da yawa idan aka kwatanta da na Kudu, amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta, kuma sau da yawa yakan zo ne kamar da bakin ƙwarya cikin sa'a ɗaya ko biyu. Bari mu yi lissafi. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwa na milimita 50, zai zubo da lita 5,000. Wannan jarka 200 ke nan masu cin lita 25, wato kurar ɗan garuwa 20 idan kowace kura tana ɗaukar jarka 10. Gida ɗaya ke nan. Idan gidaje 20 ne a layi, lita 100,000 ce za ta nemi hanya ta cikin wannan 'yar kwatar a dare guda.

A da, ruwan yana da wurin zuwa. Kududdufan da ke cikin birni ramuka ne da kakanninmu suka haƙa domin ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, su ne kuma suke karɓar ruwan unguwa idan damina ta kankama. Da yawa daga cikinsu an cike su an yi gini a kai, sannan tsakar gidan da a da ƙasa ce mai shanye ruwa yanzu an malale ta da siminti. Wanda ya tuna ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 40, ya san abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi.

Kuskuren da aka fi yi wajen yasar kwata shi ne kowane magidanci ya yashe ta ƙofar gidansa kawai, a ranar da ya ga dama. Kwata kuwa hanya ce guda daga farkon layi zuwa inda ta faɗa babban lambatu, saboda haka idan gida ɗaya a tsakiya bai yashe tasa ba, aikin sauran ya tashi a banza. Daga gangare ake farawa, wato daga bakin kwalbatin da ruwan ke fita, a riƙa hawowa zuwa tudu. Idan aka fara daga sama, an buɗe wa ruwa hanya ne ya zo da ƙarfinsa ya tarar da toshewa a ƙasa, sai ya fantsama cikin gidajen da ke gangare.

Kuskure na biyu ya fi ba da takaici, domin ana yinsa ne bayan an sha wahala. Matasa za su yi aikin gayya tun da sassafe, su fito da baƙin taɓo da shebur su jibge shi a bakin kwata, sannan kowa ya watse. Ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito. Abin da ya dace shi ne a bar taɓon ya tsane kwana ɗaya ko biyu, sannan a kwashe shi da baro zuwa juji, kuma a sanya kuɗin wannan kwasar cikin karo-karon tun farko. Masu shiga kwatar su sa takalmin roba da safar hannu, saboda fasassun kwalabe da ƙusoshi masu tsatsa. Wanda kuma yake son rufe kwatar ƙofar gidansa domin shigar mota, ya yi da murafen kankare da ake iya ɗagawa, kada ya malale ta gaba ɗaya, domin kwatar da ba a iya buɗewa ba a iya yashe ta.

Yawancin rigimar maƙwabta a damina daga abu biyu take tasowa. Wani zai zuba ƙasa ya ɗaga ƙofar gidansa, ruwan da ke kwanciya a wurin ya koma wa na kusa da shi. Wani kuma indararonsa ne ke zuba kai tsaye a jikin katangar maƙwabci. Irin wannan magana tun rani ake yinta, lokacin da babu wanda ruwa ya ɓata wa rai. Idan ka tari dattijo bayan sallar la'asar ka ce, "Baba Alhaji, na ga indararon nan yana kallon bangonmu, ko za mu haɗu mu sa masa bututu kafin ruwa ya sauka?" da wuya ya ƙi. Idan ka bari sai bango ya jiƙe, maganar sai ta kai gaban mai unguwa. Akwai kuma ɗabi'ar da ya kamata iyaye mata su hana, ta aiken yara su juye shara a kwata da zarar an fara ruwa, wai ruwa ya tafi da ita. Ba ta yin nisa, a kwalbatin farko take tsayawa.

Game da sauro, akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Sauron da ke hayayyafa a baƙin ruwan kwata yana hana barci, amma wanda ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan sama mai ɗan tsabta wanda ya kwanta a rana, kamar na sawun tayar mota ko na ramin da aka bari bayan buga bulo. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kimanin kwana 7 zuwa 14 ne, don haka duk ruwan da ya kwana mako guda ya kamata a janye shi ko a cike wurin da ƙasa. A kwana cikin gidan sauro, kuma idan ma'aikatan lafiya suka zo da maganin rigakafin da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a lokacin damina, a tabbata yaron ya shanye na kwana ukun.

Rijiya ma tana bukatar kulawa. A ɗaga bakinta sama da ƙasa, a yi mata murfi, a kuma guji haƙa masai kusa da ita, ko da na maƙwabci ne ta bayan katanga. Nisan da masana ke ba da shawara shi ne kimanin mita 30. Idan ruwan kwata ya malala cikin rijiya, kada a sha sai an tafasa, domin ta wannan hanyar amai da gudawa ke shiga gida.

Masu ginin ƙasa kuwa su zagaya gidansu tun yanzu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka yake yi. A yi yaɓe, a toshe tsagar soro, a gyara gindin katanga ta yadda ruwa zai gangara nesa da ita. Idan aka ga rima ta hau bango ko tsaga tana ƙara buɗewa, a fitar da yara daga ɗakin a daren, kada a jira gari ya waye.

Washegarin ruwan farko, mutum biyu ko uku su bi kwatar da ƙafa daga farkon layi har bakin kwalbati. Duk inda suka ga ruwa ya tsaya ko leda ta taru, su sa manjagara su janye ta a ranar, sannan a maimaita wannan zagayen bayan kowane babban ruwa har zuwa ƙarshen Satumba.