Ƙugin da ke fitowa daga sifika: daga ina yake?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu sauraro, yau muna tare da Injiniya Bala da Malam Sani. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato ƙugin da ke tashi a sifika da zarar an kawo wuta, har wasu sun ce sun sayi sabuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, amma bai daina ba. Injiniya, ta ina mutum zai fara?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Ya fara kasa kunne tukuna kafin ya taɓa aljihunsa. Wutar da ake ba mu a Najeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka ƙugi mai kauri, wanda ba ya hawa ba ya sauka, daga wutar gidan yake. Sai mutum ya zare duk wayoyin sauti da ke shiga amfilifayar, ya bar ta a kunne da sifika kawai. Idan ƙugin ya ɗauke, na'urar lafiyarta ƙalau, sai ya riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya kama wadda ke kawo shi. Sau da yawa za a tarar dikoda tana soket ɗaya, amfilifaya tana wani soket ɗin can gefe, kuma wayar sauti ta haɗa su, sai 'yar wutar da ke tsakanin wayoyin ƙasa na soket biyun, wato wayoyin da ke zuwa sandar ƙarfen da aka binne a ƙasa, ta bi ta wayar sautin ta fito a sifika. A haɗa su a wuri ɗaya, sau tari shi ke nan.

Sani: Idan kuma an zare komai bai ɗauke ba fa?

Injiniya Bala: To, a zargi kafasitar da ke tace wuta a ciki, domin zafin garuruwanmu yana busar da ita, har ka ga kanta ya kumbura. Wannan aikin mai gyara ne, saboda tana riƙe wuta ko bayan an cire filogi.

Sani: Ni abin da ya fi damuna rediyo ne, Injiniya. Tun da muka sa sola, Baba ba ya jin labaran gajeren zango sai ya fita da rediyonsa ƙofar gida, a ɗaki kuwa shuu kawai take yi.

Injiniya Bala: Wannan ƙarar dabam ce, Malam Sani. Cajar waya mai araha da ƙwan LED da inbata suna yanka wuta sau dubbai a daƙiƙa, kuma idan an yi rowar kayan tacewa a cikinsu, sai wayoyin gidan su watsa ƙarar, matsakaicin zango da gajeren zango su fi shan wahala, FM kuwa ba sosai ba. Ka sa wa rediyon batir, ka riƙa kashe fitilun ɗaya bayan ɗaya, za ka kama mai laifin. Idan kuma fanka tana gurnani a kan inbata amma ba ta yi a wutar NEPA, inbatar ce ba ta fitar da wuta mai santsi.

Sani: Fankar Baba ma haka take yi.

Hadiza: Wani mai sauraro ya ce ya karya ƙafar filogi ta uku, ƙugin ya tafi.

Injiniya Bala: Don Allah ya canja filogin yau ɗin nan. Wannan ƙafar ce take kai wuta ƙasa idan waya ta taɓa jikin na'ura, in babu ita jikin mutum za ta bi. Ya kira mai wayarin ya duba sandar ƙarfen da aka binne, musamman da rani da ƙasa ke bushewa.

Hadiza: Lokaci ya ƙure mana, batun janareta sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.