Lacca: Lambun Yara a Gidan Haya

Assalamu alaikum. Iyaye mata, malamai, sannunku da zuwa.

Ina shigowa wata baiwar Allah ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, mu fa gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ce, ina za mu yi lambu?" To Hajiya, ga amsarki: buhu. Tsohon buhun shinkafa ma ya isa. A huda gindinsa, a zuba ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen kashin awaki kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, don ɗanyen taki, musamman kashin kaji, ƙone shuka yake yi. Sai a rubuta sunan yaro a jikin buhun. Kada ku raina wannan rubutun. Lambun Mama aike ne, sai an yi ta kira. Amma buhun da ke ɗauke da sunansa, kafin ya karya kumallo ya je ya leƙa.

Don Allah kada ku fara da tumatir. Sai an yi renonsa, a dasa bayan sati uku ko huɗu, a jira kusan wata uku. Ga tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, manyan manoma ma sun ji a jikinsu, balle ɗan shekara 6. Ku ba shi wake, kwana uku zuwa biyar ya tsiro. Ko alayyahu, wata guda ya shiga tukunya. Kuma zai tone irin ya ga ko ya fito, wallahi zai tone. Nawa ma sun yi. Ku ƙyale shi, ku dai shuka da yawa.

Ruwa kuwa, a ajiye roba a wurin alwala, abin da ya taru ya ishi buhu biyu. Ban da mai sabulu. A ba da shi da safe ko da yamma.

Kaji da awaki, tsohon gidan sauro maganinsu. Idan ƙwari suka sauka, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa. Fiya-fiya kada ta kusanci abin da yaro zai taɓa.

Ran da aka yanki alayyahun, ko tafi ɗaya ne, a saka a miyar dare, a faɗa wa maigida a gaban yaron cewa na wane ne.

Na ga hannu can baya. Bismillah, Hajiya.