Nas Ta Dawo Daga Dutin Dare: Wa Zai Tsare Mata Barcinta?

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron ma'aurata a Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum. Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na baya, kuna jina? To madalla.

Da wuya a sami layi a Aboabo ko Asawase da babu 'yarsa ko ɗansa a aikin jinya. Wasu suna asibitin Komfo Anokye, wanda har yau tsofaffinmu ke ce wa Gee, mai gadaje sama da 1,000. Wasu suna asibitin Manhyia, wasu na Tafo. A galibin asibitocinmu ana karɓar dutin dare ƙarfe 8 na dare, a miƙa shi ƙarfe 8 na safe. Awa 12 ke nan a takarda. Amma kafin nas ta gama miƙa aiki, ta sami trotro, wato motar haya, ta ratso cunkoson kasuwar Kejetia, ƙarfe 10 ta yi. Lokacin da take neman shimfiɗa, lokacin ne gidan haya ya kacame: ana daka, ana wanki, mai talla na ƙwala kira, rediyon maƙwabci na tashi.

Allah Ya ce a Suratun Naba'i Ya sanya dare sutura, Ya sanya rana lokacin neman abinci. Jikin ɗan Adam a kan haka aka gina shi. Akwai agogo a ƙwaƙwalwa da ke bin haske. Duhu ya yi, sai jiki ya saki sinadarin melatonin mai jawo barci, gari ya waye kuma ya janye shi. Binciken wannan agogo ne ya ba wasu Amurkawa uku kyautar Nobel a 2017. Agogon nan ne ya sa barcin rana gajere ne, kuma abu kaɗan ke katse shi, alhali baligi na buƙatar aƙalla awa 7. A 1997 masu bincike a Ostireliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Wa'iyazu billahi. To wannan hannun ne zai koma da dare ya auna allurar jaririn wani. Hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a 2007 da kuma 2019, ta sa aikin dare cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar. Mai yiwuwa aka ce, kada wani ya fita ya ce na ce tabbas.

Yanzu maza, da ku nake. Na sha jin maigida na cewa, “Ai ina taimaka mata, ni ke ba ta kuɗin mota.” Allah Ya saka. Amma taimakon da ya fi kuɗin mota shi ne ka tsaya a bakin ƙofa. In Hajiya ta aiko a zo a duba mata hawan jini, kai ɗanta ne, kai za ka je ka durƙusa ka ce, “Hajiya, ta kwana tsaye, in ta tashi da la'asar za ta zo.” In ita ta faɗa da bakinta, sunanta mai girman kai. In kai ka faɗa, magana ta mutu. Haka maƙwabciyar da ke ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar rana, “Anti nas, yaron nan jikinsa da zafi.” In abu ne na gaggawa, a nufi asibiti, in ba haka ba, a jira.

Sauran kuma ƙananan abubuwa ne. Ka kai yara makaranta. Ka sayo koko da ƙosai ka ajiye, don kada ta kwanta da yunwa. Labule mai kauri a taga. Kada a haɗa mata kofi ko shayi mai ƙarfi da safen nan, domin bayan awa 5 rabin ƙarfinsa na nan a jini. In dumsor ya ɗauke wuta, fanka mai caji ta fi sabon zane amfani. Na ga mata na dariya. To a haɗa duka biyun! Ku kuma da mazajenku ne nas, duk abin da na faɗa ya hau kanku.

Akwai daren da mara lafiya ke cikawa a hannunta. Ranar, in ta shigo shiru, kada ka tsare ta da tambaya. Sirrin marasa lafiya amana ne a wuyanta, ba komai za ta iya faɗa maka ba. Zauna kusa kawai.

Nan ne dabbar gida ke shigowa, kuma na san wasu za su ce wannan al'adar Turawa ce. Ina! Sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya sami laƙabinsa, kuma hadisi ya tabbatar kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Kare a ɗaka ba namu ba ne, na bar wa malamai wannan. Amma kyanwa, tattabaru, aku, har tunkiyar da ake kiwo don Layya, duk muna da su tun kaka da kakanni. Wadda ta kwana kowa na kiranta, wannan ƙarin ruwansa ya ƙare, wancan ciwo ya motsa, in ta dawo kyanwa ta hau cinyarta, ba tambaya, ba ƙorafi. Minti goma tana shafa ta, ko tana watsa wa tattabaru gero, sai ka ga kafaɗa ta sauka, numfashi ya daidaita, barci ya samu hanya.

Sai dai kada dabbar ta zama wani sabon duti. Ciyarwa da shara naka ne da yara. A kai kyanwa wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafin cutar haukan kare, don ita ma tana ɗauka. In uwargida na da juna biyu, kada ta taɓa kashin kyanwa, akwai ƙwayar cuta a ciki da ke iya cutar da ɗan tayi. In kuma kyanwar mai yawan kuka ce, da an kwanta a fitar da ita a ja ƙofa.

Na ga Alhaji ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Alhaji, a miƙa masa abin magana.